Albashi, Kwangila, Gidauniya ko Tukwici: Ta Wace Hanya Ya Fi Dacewa a Tallafa wa Kwamfaila?

Kowace manhaja da ke aiki a waya ko kwamfuta ta fara ne a matsayin rubutun da wani ya yi da ɗaya daga cikin harsunan shirya manhaja, irin su C da C++ da Rust da Fortran, kuma na'ura ba ta gane wannan rubutu sai an juya shi zuwa umarnin da furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ke iya zartarwa. Manhajar da ke yin wannan juyi ita ce kwamfaila. Guda biyu ne suka fi ɗaukar nauyin duniya a yau: GCC, wadda Richard Stallman ya fitar da sigarta ta farko a 1987, da LLVM, wadda Chris Lattner da Vikram Adve suka fara a Jami'ar Illinois a 2000, daga baya aka gina Clang, kwamfailar C da C++, a kanta. Dukansu buɗaɗɗu ne, kowa yana iya sauke su ba tare da biyan ko sisi ba, ya karanta yadda aka rubuta su, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. Da GCC ake haɗa mafi yawan abin da ke cikin tsarin Linux irin su Debian da Fedora, da Clang kuma ake haɗa Android da manhajojin Apple. Sai dai rashin sayar da su bai hana su cin kuɗi ba, domin waɗanda suka san cikin kwamfaila 'yan kaɗan ne, lokacinsu yana da tsada, kuma dole wani ya biya shi.

Wanda ya lura cewa sana'arsa ta rataya a kan ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji, ko kamfani ne ko jami'a ko hukumar gwamnati ko mutum ɗaya mai ɗan abin hannunsa, yana da ƙofofi da dama na saka kuɗi. Yana iya ɗaukar ƙwararre aiki ya riƙa biyansa albashi, yana iya ba wa kamfanin da ya ƙware a harkar kwangila, yana iya miƙa kuɗin ga gidauniya, yana iya sa tukwici a kan wata matsala guda, idan kuma hukuma ce tana iya ba da tallafi na ƙayyadadden lokaci. An gwada duk waɗannan cikin shekaru kusan 40, an kuma ga abin da kowace ta haifar, saboda haka ba sai an yi zaɓin da ka ba. Hanyoyin ba abu ɗaya suke saye ba, kuma a nan ne masu kuɗi suka fi yin tuntuɓe, su biya kuɗin wani abu alhali wani daban suke bukata.

Kafin a kwatanta su, ya kamata a san inda aikin kwamfaila ya fi nauyi. Rubuta sabon abu, kamar koya wa kwamfaila sabon furosesa ko sabuwar ƙa'idar harshe, shi ne ɓangaren da ake gani, shi ake sanarwa, shi ya fi saurin samun mai ɗaukar nauyi. Amma faci, wato gyara ko ƙarin da wani ya rubuta, ba ya shiga babbar kwamfaila sai wani daga cikin waɗanda aka yarda da saninsu a wannan sashe ya karanta shi ya amince, kuma irin waɗannan mutane ba a samar da su da kuɗi dare ɗaya. Sai mutum ya daɗe yana aiki a wurin, sauran sun ga kamun ludayinsa, kafin a danƙa masa wannan amana. A GCC ba baƙon abu ba ne mutum ya aika faci ya zauna makonni yana tuni kafin a waiwaye shi. Ga kuma bin diddigin rahotannin kurakurai da masu amfani ke aikowa, da kula da injunan gwaji, da shirya fitar da sabuwar siga, wanda GCC ke yi sau ɗaya a shekara, LLVM duk wata 6, Rust kuma duk mako 6. Lamarin kamar rijiyar unguwa yake: ana samun mai haƙa sabuwa a rubuta sunansa a jikinta, amma mai biyan kuɗin yasa duk shekara shi ke wuyar samu. Don haka abin da ya kamata a tambayi kowace hanya shi ne, ko tana ƙara yawan masu rubutu ne kawai ko tana ƙara wa masu bita da kula lokaci, sannan ina makomar aikin a shekarar da kuɗin ya yanke.

Albashi shi ne ginshiƙin da manyan kwamfailoli suka tsaya a kai, duk da cewa mutane da yawa suna ɗauka 'yan sa-kai ne ke yin aikin da dare bayan sun taso daga ofis. Kaso mai tsoka na abin da ke shiga GCC yana fitowa ne daga ma'aikatan Red Hat da SUSE da Arm da Intel da IBM da AdaCore, a LLVM kuwa ga Apple da Google da AMD da Nvidia da Sony. Ba sadaka suke yi ba. Mai ƙera furosesa ya san kayansa ba za su shiga kasuwa ba idan kwamfaila ba ta iya fitar da ƙarfinsu, Red Hat da SUSE kuma suna sayar wa bankuna da hukumomi alkawarin kula da tsarin Linux na shekaru 10 ko fiye, alkawarin da ba ya cikuwa sai da mutanen da za su iya gyara kwamfailar da kansu. LLVM ma aikin bincike ce a jami'a har zuwa 2005, lokacin da Apple ta ɗauki Lattner aiki ta haɗa shi da tawaga, kuma daga nan ne Clang ta fito a 2007.

Abin da albashi ke saye wanda sauran hanyoyin ba sa iya saye shi ne lokacin da ba a ɗaure shi da aiki guda ba. Ma'aikacin da ya san albashinsa zai zo ƙarshen wata yana iya kashe yini yana karanta facin wani, ko yana farautar kuskuren da ba ya cikin kowace yarjejeniya, kuma ta haka ne yake samun yardar sauran har a naɗa shi mai kula da wani sashe. Idan ya kai wannan matsayi, kamfanin da ke biyansa ya sami bakin magana a cikin gida, ba don ya saye shi ba, sai don mutuminsa yana cikin masu ɗaukar nauyin aikin. Tsadar wannan hanya a fili take: ƙwararren kwamfaila yana cikin injiniyoyin manhaja masu tsada, sabon shiga kuma yana iya ɗaukar shekara ko fiye kafin a fara ganin amfaninsa, sannan ko ya ƙware ba zai iya tilasta wa sauran su karɓi abin da kamfaninsa ke so ba.

Haɗarin da ya fi wannan girma yana kan aikin kansa. A watan Agustan 2020 Mozilla, wadda ta raini harshen Rust tun yana ƙaramin gwaji har ya kai siga ta 1.0 a 2015, ta sallami ma'aikata kusan 250, cikinsu har da masu aiki a kan Rust. Harshen bai durƙushe ba, saboda a lokacin ya riga ya sami masu amfani da yawa, wasu kamfanoni suka ɗauki ƙwararrunsa, kuma a Fabrairun 2021 aka kafa Gidauniyar Rust da haɗin gwiwar AWS da Google da Huawei da Microsoft da Mozilla. A Mayun 2025 kuwa Microsoft ta janye hannunta daga tawagar da take biya don ƙara wa harshen Python sauri, ta sallami mafi yawan mutanen, bayan sun yi aikin da ya sa Python 3.11 ya fi 3.10 sauri da kusan kashi 25 cikin 100 a matsakaici. Ba ingancin aikinsu ne ya jawo sallamar ba, lissafin kamfani ne ya canza. GCC ta ga irin wannan tun da wuri, lokacin da Apple ta tsaya a siga ta 4.2 bayan fitowar siga ta 3 ta GPL, lasisin da ake raba GCC a ƙarƙashinsa, a 2007 ta koma gina Clang, amma bai girgiza ta ba domin masu biyan albashin suna da yawa kuma bukatunsu sun sha bamban. A ganina, kamfanin da ba zai iya alkawarin riƙe ma'aikacin na aƙalla shekaru 3 ba bai kamata ya fara ba, domin janyewa a tsakiya tana barin rubutu rabi da rabi wanda wasu ne za su gaji wahalarsa.

Ana yawan cewa lasisi ne ke yanke hukuncin inda kuɗin kamfanoni ke zuwa, tunda GPL ta GCC tana wajabta wa wanda ya raba gyararriyar kwamfaila ya fitar da gyaran, lasisin Apache na LLVM kuma bai wajabta ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma shi ya sa kamfanoni da dama suka fi sakin jiki da LLVM. Amma ko a can, waɗanda doka ba ta tilasta musu ba sukan mayar da gyaransu ga kowa, saboda riƙe reshe na ƙashin kai a gefen manhajar da ke canzawa kullum aiki ne mai cin ma'aikata, kowace sabuwar siga sai an sake daidaita shi da ita.

Kwangila ta girmi duk wata gidauniyar kwamfaila da ake ji da ita a yau. A 1989 Michael Tiemann, wanda ya rubuta kwamfailar C++ ta GNU, shirin buɗaɗɗun manhajoji da GCC ke cikinsa, shi da John Gilmore da David Henkel-Wallace suka kafa Cygnus, kamfanin da sana'arsa ita ce sayar da gyara da kula a kan manhajar da kowa ke iya samu kyauta. Masu ƙera furosesa suna biyansu su koya wa GCC sabbin na'urori, kamfanonin da ke amfani da ita suna biyan kuɗin shekara don a amsa musu idan sun sami matsala, aikin kuma yana komawa hannun jama'a. Cinikin ya yi albarka har Red Hat ta sanar da sayen kamfanin a Nuwamban 1999 a kan hannun jarin da ya kai dala miliyan 674. AdaCore tana bin irin wannan tafarki da GNAT, kwamfailar harshen Ada, inda masu ƙera jiragen sama da jiragen ƙasa da kayan sararin samaniya ke biyan kuɗin shekara don samun GNAT Pro, ma'aikatanta kuma suna ci gaba da zuba gyara a GCC. Kamfanin Ferrous Systems na Jamus ya ƙara wa tsarin wani salo da Ferrocene, sigar kwamfailar Rust wadda ta sami shaidar cancantar amfani a manhajar motoci da masana'antu a 2023: rubutun a buɗe yake, abin da ake biya shi ne sigar da aka tantance da takardun shaida da kuma wanda za a tuhuma idan an sami matsala. Hatta aikin sa GCC ta fahimci Rust ya sami ƙarfi ne lokacin da kamfanonin Open Source Security da Embecosm suka ɗauki nauyin masu yinsa.

Mai ba da kwangila yana samun abubuwan da mai biyan albashi ba ya samu da wuri: farashi sananne, ranar kammalawa, ƙwararrun da suka riga suka gogu, da lambar da zai kira. Matsalar tana ɓoye ne a cikin abin da ake nufi da kammalawa. Ɗan kwangila yana iya miƙa kwamfaila mai aiki sarai a reshe na daban, mai kuɗi ya gwada ya gamsu ya biya, amma facin bai taɓa shiga babbar GCC ko LLVM ba. Bayan shekaru 2 sai a tarar sauran duniya ta wuce, reshen ya tsufa, kuma sai an sake biya kafin a kamo. Shigar da aiki cikin babbar kwamfaila ya fi rubuta shi jinkiri, domin masu bita sukan ce a sake tsari, a rarraba facin, a ƙara gwaje-gwaje, kuma ɗan kwangila ba shi da iko da lokacinsu. Saboda haka ya kamata yarjejeniyar ta riƙe wani kaso na kuɗin har sai an karɓi aikin a babbar kwamfailar, ta kuma haɗa da kula da shi na tsawon siga 2 ko 3 bayan shigarsa. Wannan sharaɗi na biyu ba ado ba ne. Al'adar GCC ita ce, duk sashen furosesan da ya rasa mai kula a ayyana shi tsohon yayi a wata siga, a cire shi a ta gaba idan ba wanda ya fito, kamar yadda aka cire SPU na furosesan Cell, wanda ke cikin PlayStation 3, a GCC 10. Hanya mafi sauƙi ta auna kamfanin kwangila ita ce a duba ko sunayen ma'aikatansa suna cikin jerin masu kula da kwamfailar, jerin da kowa ke iya karantawa.

Idan aka ɗora albashi da kwangila a kan sikeli, abin da ke raba su shi ne ko bukatar tana da ƙarshe. Wanda ke son GCC ta san wani sabon umarni na furosesan RISC-V, ko yake son a gyara wani kuskure guda da ke hana kayansa fita, kwangila ce tasa, kuma ɗaukar ma'aikaci na dindindin don wannan ɓarnar kuɗi ce. Wanda kuwa zai ci gaba da ƙera na'urori shekara bayan shekara, ko yake sayar da alkawarin kula na dogon lokaci, zai tarar kwangiloli jere da juna sun fi albashi tsada, kuma ilimin da aka tara yana tafiya tare da ɗan kwangilar. Ta fuskar amfanin jama'a ma albashi ya fi, saboda shi ne ke samar da masu bita, kwangila kuwa sau da yawa tana ƙara tsawon layin masu jiran bita ne, sai dai idan kamfanin yana da nasa masu kula a ciki.

Gidauniya ita ce ƙofar da ta fi ruɗar mutane, domin sunan ɗaya ne amma ayyukan sun bambanta ƙwarai. Gidauniyar LLVM, wadda aka kafa a 2014, tana shirya tarukan masu aiki, tana tallafa wa ɗalibai su halarta, tana kula da kayan aikin da kowa ke amfani da su, amma ba ita ke biyan ɗaruruwan injiniyoyin da ke rubuta LLVM ba, ba kuma ita ke tsara abin da za su rubuta ba. Haka Gidauniyar Rust take ɗaukar nauyin rumbun manhajojin harshen da injunan gwaji da harkar tsaro da wasu tallafe-tallafe, hukuncin fasaha kuma yana hannun tawagogin aikin. A ɓangaren GCC akwai asusun da gidauniyar Free Software Foundation (FSF) ke riƙewa don kayan aikin GNU, akwai kuma Sourceware, dandalin da ke ɗauke da rubutun GCC da wasiƙun masu aikinta, wanda ya shiga ƙarƙashin Software Freedom Conservancy a 2023. Kuɗin da aka ba waɗannan yana da amfani na gaske, amma wanda ya ba da shi yana jiran a gyara masa kuskuren da ke damunsa zai sha jira.

Gidauniyar harshen Zig daban take. Andrew Kelley ya bar aikinsa a 2018 ya koma rubuta harshen da kwamfailarsa da gudummawar da mutane ke aiko masa duk wata, a 2020 kuma aka kafa gidauniya wadda ke wallafa lissafinta a fili, inda mafi yawan abin da take kashewa ke tafiya kai tsaye ga biyan masu rubutu. A 2024 Mitchell Hashimoto, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin manhaja na HashiCorp, ya yi alkawarin ba ta dala 300,000. A irin wannan wuri dala 1,000 tana zama sa'o'in aiki da ake iya ƙirgawa, alhali a LLVM ba za a ji ɗuriyarta ba. Amma ƙaramin aiki yana da nasa rauni: ya dogara da mutum ɗaya ko 'yan kaɗan, janyewar babban mai bayarwa guda tana iya taɓa albashin kowa, kuma har ƙarshen 2025 Zig bai kai siga ta 1.0 ba. Labarin PCC ya isa misali. Tsohuwar kwamfailar C ce ta Bell Labs wadda Anders Magnusson ya farfaɗo da ita a 2007, lokacin da masu tsarin BSD, dangin Linux irin su OpenBSD da FreeBSD, ke neman madadin GCC, aka yi karo-karo ta hannun BSD Fund, ta kai siga ta 1.0 a 2011. Shekara guda bayan haka OpenBSD ta cire ta daga rumbunta, a 2014 kuma FreeBSD 10.0 ta fito da Clang a matsayin kwamfailarta. Karo-karon ya cika abin da aka tara shi dominsa, sai dai bai isa gogayya da tawagar da manyan kamfanoni ke biya ba.

Tukwici ya fi kowace hanya jan hankali saboda sauƙinsa: a sa kuɗi a kan matsala, duk wanda ya warware ya ɗauka. Ya taɓa yin rawar gani a GCC. Lokacin da masu kula suka yanke shawarar cire wani tsohon tsari na ciki mai suna cc0, furosesoshin da ba a sauya musu tsari ba sun fuskanci kora, cikinsu har da m68k na tsofaffin kwamfutocin Amiga da Atari, da AVR, wanda shi ne ke cikin allon Arduino Uno da ɗalibanmu na injiniyanci ke koyon aiki da shi a jami'o'i da kwalejojin fasaha. Masu amfani suka tara tukwici a dandalin Bountysource, Bernd Schmidt ya sauya m68k a 2019, an kuma sauya AVR a 2021. Abin da ya sa ya yi aiki shi ne matsalar tana da iyaka, kowa ya san ma'aunin nasara, kuma akwai ƙwararrun da suka riga suka san hanya. A wajen irin wannan yanayi tukwici yana da illa: mutane biyu suna iya yin aiki ɗaya a biya ɗaya, ba a biyan wanda ya yi bitar, kuma ba abin da ke ɗaure wanda ya karɓi kuɗin ya dawo idan kuskure ya ɓulla daga baya. Da aka wuce cc0 ma sai ga wani sauyin na ciki ya taso wa tsofaffin furosesoshin, wanda ke nuna cewa bukatarsu ta mai kula ce na kullum. Shi kansa Bountysource ya daina biyan masu aiki a 2023, daga bisani ya rufe.

Tallafin gwamnati shi ne ya fi samar da sakamako mabambanta, kuma bambancin yana bin abin da aka tanadar wa bayan ƙarewar kuɗin. A 1992 Rundunar Sojin Saman Amurka ta ba Jami'ar New York kwangilar rubuta kwamfailar Ada, da sharaɗin a fitar da ita ƙarƙashin GPL, kuma a 1994, kafin aikin ya huce, Robert Dewar da Edmond Schonberg da abokan aikinsu suka kafa kamfanin da ya zama AdaCore. Kuɗin gwamnati ya haifi kwamfailar, kuɗin kwastomomi ya raine ta fiye da shekaru 30. PyPy, manhajar da ke gudanar da shirye-shiryen Python, ta sami tallafin Tarayyar Turai daga Disamban 2004 zuwa Maris ɗin 2007, ta yi bincike mai zurfi, amma saurin da aka san ta da shi sai a 2010 ya fara isa hannun masu amfani, kuma tun daga nan ta fi dogara da gudummawa da 'yan sa-kai. Flang, kwamfailar Fortran ta LLVM, an sanar da ita a Nuwamban 2015 a matsayin haɗin gwiwar Nvidia da manyan ɗakunan binciken Ma'aikatar Makamashi ta Amurka, aka sake rubuta ta daga tushe a tsakiyar hanya, kuma sai a LLVM 20, a 2025, aka cire kalmar "new", wato sabuwa, daga sunanta. Hukumar da ke tsara tallafin shekaru 2 tana sa ran kwamfaila kammalalliya ya kamata ta dubi waɗannan shekaru 10.

Inda kuɗin jama'a ya fi kowane dacewa shi ne aikin da kowa ke amfana amma ba kamfanin da zai ci riba da shi. Tun a 1984 Ken Thompson ya nuna cewa ana iya ɓoye mugun abu a cikin kwamfaila ta yadda za ta riƙa dasa shi a duk abin da ta haɗa, har da sabuwar sigar kanta, ba tare da an gan shi a rubutu ba. Maganin shi ne a iya gina kwamfaila daga wani ɗan ƙaramin tushe da mutum zai iya karantawa da idonsa, kuma gidauniyar NLnet ta ƙasar Holan, wadda ke raba tallafin yuro 5,000 zuwa 50,000 tana biya bayan an cika kowane mataki, ta ɗauki nauyin GNU Mes, aikin da ke samar da irin wannan tushe, har masu tsarin Linux mai suna Guix suka sanar a 2023 cewa suna gina manhajojinsu daga tushe mai bayit 357 kacal. Asusun Sovereign Tech na gwamnatin Jamus, wanda ya fara a 2022, shi ma ya saka kuɗi a kayan aikin Fortran, kuma ya yi fice wajen yarda ya biya kuɗin kula da gyara ba sabon abu kaɗai ba. Masu karɓa kuma su karanta sharuɗɗa da kyau, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: a Oktoban 2025 Gidauniyar Python ta janye daga tallafin dala miliyan 1.5 na hukumar NSF mai tallafa wa binciken kimiyya a Amurka saboda sharaɗin da ta ga ya saɓa wa manufarta, wanda kuma ya ba hukumar damar karɓe kuɗin ko bayan an kashe shi.

Ga mai karatu a Kano ko Zariya ko Maraɗi, albashin ƙwararren kwamfaila da kwangilar dala dubu ɗari ba su cika shiga lissafi ba, kuma babu laifi a faɗi haka. Jami'a tana da abin da ya fi ɗan kuɗin da za ta iya aikawa daraja, wato lokacin malamai da ɗalibai. GCC da LLVM suna shiga shirin Google Summer of Code, wanda ya fara a 2005, inda ake biyan sabon shiga ya yi aikin watanni ƙarƙashin jagorancin ƙwararre, kuma sashen kwamfuta da ya rage wa malami ɗaya nauyin aji don ya shirya ɗalibai su fara da ƙananan faci da rage girman rahotannin kurakurai ya bi hanyar da ke haifar da mai kula nan da wasu shekaru. Ƙaramin kamfanin da ke ƙera na'urori a kan AVR ko Arm zai fi amfanar kansa da sauran jama'a idan ya sa ma'aikacinsa ya riƙa gwada kowace sabuwar siga kafin fitowarta yana aika rahoto mai tsafta, domin irin waɗannan furosesoshi ƙarancin masu gwaji ne ke fara kashe su. Mutum ɗaya mai son ba da kuɗi kuwa ya nufi ƙaramin aikin da ke wallafa lissafinsa, ya duba kason da ke zuwa ga masu aiki, sannan ya zaɓi bayar da kaɗan duk wata maimakon dunƙule sau ɗaya, domin gidauniya ba ta iya ɗaukar mutum aikin shekara sai a kan kuɗin da ta san zai sake shigowa a wata mai zuwa.